Jadawalin da na manna a bango ya haɗa ni da iyalina

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin lakwal ne a nan Tawa. Shekara 34 na yi ina riƙe da alli, goman ƙarshe ina direktan wani kwaleji, bara na ajiye aiki. Watannin farko daɗi na ji, na yi barci, na zaga dangi. Ranar da aka koma lakwal a watan Oktoba, yara suna wucewa ta ƙofar gidana da jakunkunansu, sai na ga kaina tsaye a zaure na sa takalmi, alhali ba inda za ni. Daga nan kwanaki suka cakuɗe mini. Ba na bambance Talata da Laraba, in yi barci da hantsi, dare kuma idona biyu.

Da na ga haka sai na ɗauko kaye da rula na zana jadawali irin na lakwal, daga 5 na asuba har 10 na dare, na manna a bango. Karin kumallo 7:30, karatu 9 zuwa 11, abincin rana 1:30, ganin baƙi 5 zuwa 6. Ni dai na samu sauƙi, amma gida ya rikice. Maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da bisap, ta ce gidanta ba kwaleji ba ne. Rannan wana ya zo daga ƙauye lokacin karatuna, na bar shi zaune har na gama, maganar ta zaga dangi. Ɗana da ke Yamai ya ce in yaga takardar in huta. Abokina da muka ajiye aiki tare yana fada, wato majalisar hira da shayi, tun hantsi har magariba, ya ce ritaya ke nan. In na bi jadawalin, rigima. In na bari, sai in ji ba ni da wani amfani. Yaya zan yi?

Tsohon direkta, Tawa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan ƴaƴan mutane da suka bi ta hannunka, ya sa ka ci gajiyar hutun nan cikin lafiya.

Ban ga laifinka ba da ka ɗauko rula. Mutumin da ƙararrawa ta tashe shi ta zaunar da shi shekara 34, ranar da ta yi shiru dole ya rasa inda zai sa kansa. Aiki ne ke tashinka da safe ko jikinka bai so ba, shi ne ke bambanta maka Litinin da Asabar, a can ne kuma in ka makara da minti goma wani zai leƙo ya tambaya ko lafiya. Duk wannan ya tafi rana ɗaya. Wani masani ɗan Amurka, Robert Atchley, tun shekarun 1970 ya bayyana yadda abin yakan bi da mutane da yawa: da farko ɗoki da murna, sai sanyin jiki ya biyo baya, kafin mutum ya sake gina wa kansa sabon tsari. Naka ɗokin ya faɗo cikin babban hutun lakwal, lokacin da dama ka saba zaman gida, shi ya sa ba ka ji komai ba. Ritayarka ta gaskiya a Oktoba ta fara, kuma yanzu kana tsakiyar gina sabon tsarin ne. Ginin ne ya ɗan karkace.

Saboda haka ban goyi bayan ɗanka ba a kan ka zauna haka kawai. A 2021 wasu masu bincike a Amurka sun duba bayanan mutum sama da 20,000, suka ga jin daɗin rayuwa yana ƙaruwa in mutum ya samu lokacin kansa har zuwa kamar awa 2 a rana, daga nan ya tsaya wuri ɗaya, in ya haura awa 5 kuma ya fara raguwa. Sai dai raguwar ba ta cika samun wanda yake cinye lokacin cikin mutane ko a kan wani abu mai amfani ba. Amurka ba Tawa ba ce, amma abin da suka gano shi ne ka ɗanɗana da kanka kafin ka zana jadawalin. Shi kuwa abokinka na fada, kada ka ɗauka ba shi da tsari. Benci ɗaya yake zama, fuskoki ɗaya yake gani, ya san lokacin da ake dora butar shayi da lokacin da ake tashi salla, kuma ranar da bai zo ba za a buga masa waya kafin azahar. Yana da jadawali, bai rubuta ba ne kawai. Abin da zan ji masa tsoro shi ne zaman wuri ɗaya yini guda da sukarin shayi. Kai kuma halinku ba ɗaya ba, in ka kwaikwaye shi mako biyu za ka gundura.

Inda naka jadawalin ya kuskure wuri biyu ne, kuma ka fi ni sanin na farkon. Me ya sa lakwal take yanka yini awa-awa? Saboda ɗalibai sun yi yawa, azuzuwa kaɗan, malamin lissafi ɗaya ana raba shi tsakanin aji huɗu. Ƙarancin lokaci da wuri ne ke tilasta agogo. A gidanka yanzu lokaci ne ya yi yawa, ka ɗauko kayan rabon abin da ya yi kaɗan kana auna abin da ya yi ambaliya. Na biyun ya fi nauyi. A kwaleji duk sunan da ka rubuta cikin jadawali, mai shi yana ƙarƙashinka. A gida ka rubuta Hajiya a 7:30 da 1:30, ka rubuta dangi da maƙwabta a 5 zuwa 6, ba ka tambayi ko ɗayansu ba.

Dubi rumfar ƙofar gida. Dirka huɗu ko shida ke riƙe da ita, inuwar da ke tsakaninsu kuma ita ce dalilin kafa ta. In ka cika tsakiyar da dirkoki, rumfar za ta yi ƙarfi, amma ba wanda zai samu wurin shimfiɗa tabarma. Yininka yana buƙatar abubuwa kaɗan da ba sa motsi, sauran a bar shi a buɗe da gangan.

Waɗannan kaɗan ɗin ma ba sai ka ƙirƙiro su ba. Salla biyar tana nan, kuma da ita garin yake tafiya. Ba wanda zai ce maka mu haɗu ƙarfe huɗu da rabi a Tawa, bayan la'asar za a ce. Lokutan salla suna matsawa da kansu bisa ga yanayin shekara, ba sa buƙatar gyara da rula. Ka raba yininka da su. Daga asuba zuwa azahar naka ne, kuma abu ɗaya tak za ka ɗora masa, wanda in ka yi shi ka ci ranar. Daga azahar zuwa la'asar hutu. Daga la'asar zuwa magariba na mutane ne: dubiya, gaisuwa, fada in ka ga dama. Bayan isha na iyali.

Agogo wuri ɗaya nake so ka riƙe shi da ƙarfi, wato lokacin tashi. Barcin hantsin nan da rashin barcin dare abu ɗaya ne, ɗaya ke haifar da ɗaya. Ka tashi da asuba kullum, in an idar da salla kada ka koma shimfiɗa, ka taka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, tafiyar minti 30 da ɗan sauri kwana biyar ta kai ka 150. A Afrilu da Mayu, da zafin Tawa ke haura digiri 40, ka gama kafin ƙarfe 7. Lokacin ɗari da ƙura ka jira rana ta ɗan fito. In da maƙwabcin da za ku riƙa tafiya tare ya fi, don ranar da ƙyuya ta kama ka zai ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙailula kuma ka yi ta bayan azahar, kamar rabin awa, kada ta kai ka la'asar. Shayin dare ka rage shi ko ka bar shi.

Amma ni a ganina, abin da ya fi ciwo a wasiƙarka ba awanni ba ne, Talatar nan ce da ta zama Laraba. Wannan kuwa jadawalin yini ba ya maganinsa, don ko ka bi shi daidai, Talata da Laraba iri ɗaya za su kasance a jikin takardar. Mako ya kamata ka tsara. Ka samu safiya biyu ko uku da wani yake jiran ka a wani wuri. Ga ma'aunin: in ban je ba, wa zai neme ni? Karatunka na 9 zuwa 11 ba mai jiran ka a cikinsa, littafi yana nan inda ka kife shi. Shi ne ya fi dacewa ya kauce wa baƙo, sai ga shi shi ka fi tsarewa.

Mutum irinka ba zai rasa mai jiransa a Tawa ba. A unguwarku akwai yaran da za su zauna jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, iyayensu ba su da halin biyan malamin gida. Biyar ko shida a zaurenka, sau biyu a mako, sun isa, su sai ka sa musu lokacin da ba su da aji. Akwai manya masu son koyon karatu da lissafi, akwai iyalan ƴan ci-rani da ke yawo da takardun faransanci suna neman mai karanta musu ya cika musu. Akwai COGES, kwamitin kula da makarantar unguwa, amma ka guji na kwalejin da ka bari, don sabon direkta ba zai sake ba in kana zaune kana kallonsa, kai ma bakinka ba zai yi shiru ba. Akwai kuma wanda na fi so maka: ka koma ɗalibi. Ka samu malamin zaure ka ɗauki tajwidi ko wani littafin fiƙihu, kana zaune a ƙasa ana gyara maka. Wanda ya shekara talatin yana gyara wa mutane, wannan zaman yana yi masa wani amfani da ba a faɗa. Biyu za ka zaɓa cikin waɗannan, kada ka kwashe duka. Manzon Allah (SAW) ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. In ka haɗa da Juma'a da kasuwar Lahadi, mako ya samu fuska.

Waɗannan safiyoyin za su kare ka ta wani gefen ma. Mai ritaya a gari, in ba a san shi da wani aiki ba, ɗan aike yake komawa. Ai Malam ba ya komai, ya raka wane likita, ya je ya bi layin takarda, ya tsaya wa magina. In an san Litinin da Laraba da safe kana da yara, za ka iya cewa sai dai gobe, ba ka yi ƙarya ba, ba wanda zai ji haushi.

Yanzu maganar wan naka da ya zo daga ƙauye. A nan, Malam, ka yi kuskure, kuma ka san haka tunda ka rubuto shi. Mutum ya biyo mota tun daga ƙauye, ya iso gidan ƙanensa, ya zauna yana jin ƙarar buɗe shafi. Waya ba za ta gyara wannan ba. Ka shirya ka je can, ka riƙe sukari da shayi da goro, ka kwana in da hali. Kada ka yi masa bayanin jadawali, zai ƙara masa ciwo ne ya ji takarda ce ta fi shi. Ka ce ka yi rashin kyautawa, ya yafe maka. Sauran dangi za su ji labarin zuwanka da saurin da suka ji na farkon.

Ka kuma lura da wani abu. Duk shekarun nan an yi ta yi maka uzuri: yana lakwal, ba zai samu zuwa ba. Jana'iza nawa aka yi ba kai, suna nawa aka raɗa da sassafe kana tsaye a bakin ƙofar kwaleji kana korar masu latti? Yanzu uzurin ya ƙare. Aikin dattijo a wurinmu ba ya aiko sanarwa. A yi rasuwa da safe a rufe kafin azahar. Ma'aurata su saɓa a ce a kira Malam. Ɗan ƙanenka ya ga yarinya, kai za ka shiga gaba wajen neman aure. Rabin yinin da na ce ka bari a buɗe, wurin waɗannan ne. Ranar da ba wanda ya zo, ka yi karatunka har ka gaji.

Hajiya kuwa, gaskiyarta ta faɗa, kuma ina so ka tsaya a kanta fiye da kowa. Kai ka yi ritaya, ita ba ta yi ba. Shekara 34, daga fitarka da safe har dawowarka, gidan nata ne, kuma tana da tsarinta wanda ba ka taɓa gani ba don ba ka nan. Ƙanƙara ba ta bin agogo, wuta take bi. In an ɗauke da dare, safiyarta ta canza gaba ɗaya. In bisap ya yi sanyi sai a ƙulla, yara masu talla su zo da kula su ɗauka, a yi lissafin na jiya, sannan ta waiwayi tukunya. A cikin wannan ka jefa 1:30. Akwai ma abin da wataƙila ba ta faɗa maka ba don kunya. Matan unguwa da suka saba faɗowa tsakar gida ba sallama mai tsawo, mai sayen ƙanƙara, mai kawo zubin adashi, mai zuwa hira kawai, yanzu in sun leƙo suka ga maigida zaune da littafi sai su juya. Cinikinta ya ragu, hirarta ta ragu, sannan ga takarda a bango tana nuna mata ta makara.

Ka cire takardar da hannunka, ba sai ta sake magana ba. In kana son ta, ka ninke ta cikin kaye, don abin da ya shafe ka kai kaɗai ba ya buƙatar bango. Bayan isha, in gida ya yi shiru, ka zauna da ita ka ce: Hajiya, na shigo miki gida da rana ban tambayi yadda kike tafiyar da shi ba, gaya mini. Sai ka yi shiru ka saurara, ko da abin da za ta faɗa ya yi ɗaci. Ka tambaye ta wane lokaci ta fi so ka kasance a waje. Kada ka ji zafi in ta ce tun daga 8 har azahar, wannan ba kora ba ce. Zaure ko inuwar ƙofar gida ya zama bironka na safe, tsakar gida ya koma hannun mai shi. Batun abinci, in akwai maganin da likita ya ce sai ka ci abinci kafin ka sha, wannan lokacin kaɗai za ka roƙa, kuma roƙo na ce. In babu, ka ci lokacin da ya nuna.

Ka kuma ɗauke mata wani abu. Nana A'isha (RA) da aka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Sayen sukari da zoɓo da leda ranar kasuwa, kai jikoki lakwal, biyan kuɗin wuta da ruwa, duk kana iya karɓa. Lissafin cinikinta dai kada ka taɓa sai in ita ta nema. Na san halin direktoci, in ka buɗe wannan kayen, cikin mako guda za ka fara sa jan biro.

Ɗanka ƙauna ce ta sa shi magana. Yana Yamai, sama da kilomita 500 tsakaninku, yana fita biro da safe ya dawo a gajiye, a wurinsa babu abin da ya kai a ce yau ba inda za ka. Kada ka yi gardama da shi. Ka gaya masa abin da ka zaɓa, ka ba shi nasa rabon: ya riƙa kiranka kowace Juma'a da yamma, ya haɗa ka da jikoki a WhatsApp.

Wani ɗan gargaɗi a kan kuɗi, tunda rashin abin yi yakan tura mutum. Fanshon da CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, ke biya bai kai albashi ba, kuma da an ji ka ajiye aiki masu shawara za su yi yawa: sayi mota a yi haya, zuba kuɗi a albasa, ai ka ga mutanen Galmi. In kana sha'awar lambu, alheri ne, ga motsa jiki ga abin miya. Amma ka fara da ƴan fangali kaɗan, rani ɗaya, da kuɗin da in sun tafi ba za a fasa dora tukunya ba. Cika lokaci ba dalilin kasada da guzurin tsufa ba ne.

Tsarin nan ma da fensir za ka rubuta shi. Na bazara daban, na damina daban in kana da gonar gero a ƙauye, azumi kuma in ya zo zai rushe komai ya kafa nasa. Ka gwada wata guda tukuna. Tunda hannunka ya saba da rubutu, ka juya aikin kayen: maimakon ka rubuta da safe abin da za ka yi, ka rubuta da dare abin da ka yi, layi biyu ko uku, har da wanda ka gani da ƙarfe nawa ka kwanta. Ƙarshen wata ka karanta. Ranakun da suka yi maka daɗi za su nuna kansu, sai ka ƙara irinsu, abin da kake ta tsallakewa kuma ka soke shi ba tare da jin ka faɗi jarrabawa ba.

Akwai kalma ɗaya a wasiƙarka da ba zan wuce ta ba, inda ka ce kana jin ba ka da amfani. Yawancin lokaci wannan yakan gushe in mutum ya samu masu jiransa. Amma in ka ga ya kai mako biyu kusan kullum zuciyarka a cunkushe, abin da ka saba jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, abinci ya fita ranka, barci ya ƙi gyaruwa, to ya wuce batun jadawali. Ciwon damuwa ne ake zargi a irin wannan, yana kama dattawa masu imani kamar yadda yake kama kowa, kuma yana da magani. Ka je CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ko wurin likita ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Ko babu wannan ma, ka je cikin watan nan a auna maka hawan jini da sukari kafin ka fara tafiyar asuba da ƙarfi, don hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da mai shi ya ji komai ba.

A gaida Hajiya da yara.